Kujerar Bakin Taga

Tun da idon Kaka ya fara mutuwa take gane-gane: furanni a jikin bango, wasu yara masu jajayen huluna zaune a kan durowa. Likitan ido ya ce ba taɓin hankali ba ne, ƙwaƙwalwa ce ke cike gurbin da ido ya bari. Kaka ta yarda, amma wani lokacin ba ta iya raba na gaske da na ƙarya. Sai ta riƙa tambayar jikarta, wadda kowa a gidan ke kira Shiru.

"Ke Shiru, akwai mage a kan keken ɗinkina?"

"Babu, Kaka."

"To, Allah raka taki gona."

Haka ake yi kusan sau ashirin a yini. Kaka kan yi dariya, amma duk "babu" ɗaya sai ta ƙara yin sanyi.

Ran Talata da hantsi Shiru na guga a ɗakin, sai Kaka ta dafa ƙirji.

"Wa ya dawo da kujerar kakanku bakin taga? Ko idon ne?"

Shekara biyu ke nan da kujerar ta karye aka jefar. Shiru ta ɗaga kai, ta ga murmushin da ta daɗe ba ta gani a fuskar Kaka ba.

"Tana nan, Kaka."

Ta koma kan gugarta. Ba ta zaci tsohuwar za ta tashi ba, balle ta juya baya ta saki jiki a inda babu komai sai siminti.

A asibiti aka ɗaure wuyan hannun da ya karye. Shiru na tsaye a bakin gado da kofin ruwa, mahaifinta kuma sai tambaya yake yi.

"Inna, garin yaya? Ba Shiru na ɗakin ba?"

"Santsi ne. Wannan silifas ɗin banza da ka sayo min."

Shiru ta matso kusa. Ta miƙa kofin. Kaka ta laluba ta karɓa, ba ta juyo ba.

"Ka nemo min sanda, doguwa," ta ce wa ɗanta. "In riƙa taɓa abu kafin in yarda da shi."

"Haba Inna, ga 'yar hannun damarki?"

"Yarinya ta gaji. A bar ta ta huta."