Ce Wa Wancan

Ƙarfe huɗu na yamma jami'a za ta rufe rajistar kwasa-kwasai, amma har aka idar da azahar Abdulwahab bai zaɓi ko ɗaya ba.

Ba rashin sanin abin da yake so ya hana shi ba. Yana aji biyu a sashen injiniyan gine-gine, zuciyarsa kuwa tana wurin lantarki tun yana ɗan sakandare mai kwance rediyon mutane ya kasa mayarwa. Malamin da ke ba su shawara ya yi masa bayani dalla-dalla: wanda ke son a mayar da shi sashen lantarki baɗi, dole ya ɗauki kwas biyu na can a wannan zangon, ya ajiye biyu na gini. In ya yi sake aka rufe, shi ke nan, ba a sauya sashe daga aji uku.

Matsalar ita ce gidansu a Kwarbai gidan magina ne. Kakansa ya gina sorayen unguwar da dama, mahaifinsa Malam Inuwa ke yi musu yaɓe har yau. Ranar da Abdulwahab ya sami gurbin injiniyan gini, tsofaffin unguwa har zaure suka zo barka, wai gado ya shiga boko. Ɗan kirki ba ya sauke irin wannan kaya ba da sanin ubansa ba.

To amma ta ina? Abdulwahab ɗan fari ne, kuma sunan kakansa aka sa masa. Kunya biyu ke nan ta hau kan Malam Inuwa. Bai taɓa kiran sunan yaron ba, bai taɓa zama da shi hira ba. "Wancan" yake ce masa, ko da wancan ɗin na durƙushe a gabansa. Duk wata magana tsakaninsu, daga ɗinkin Sallah har zaɓen makaranta, Gwaggo Hajara ta Tudun Jukun ke kaiwa ta kawo. Tun farkon zango ya faɗa mata, ta ce ya bar komai a hannunta. Sai yau ta kira shi, murya ƙasa-ƙasa.

"Ɗana, na je ya fi a ƙirga, bakina ya yi nauyi. Yaya Inuwa ne fa, da gini. Ka yi haƙuri."

Haƙuri kuwa ba shi da gurbi a kwamfutar jami'a. Abdulwahab ya cusa waya a aljihu ya fita.

Ya iske mahaifinsa a kan wani tsohon soro, yana yaɓe da gaggawa, domin hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas. A ƙasa Jalo, leburan da ya yi furfura a hannun Malam, yana cura ƙasa yana wurga masa. Abdulwahab ya durƙusa ya gaishe shi. Malam Inuwa bai dube shi ba.

"Jalo, tambayi wancan, lafiya?"

Jalo ya juyo, ya goge gumi. "Wai lafiya?"

Tsakanin uba da ɗa bai fi tsawon tsani ba, kowa na jin numfashin kowa, amma haka aka yi ta, kamar zance a fada. Abdulwahab ya kafa ido a kan ƙafafun Jalo masu taɓo, ya zayyana komai: lantarkin, kwasa-kwasan, ƙarfe huɗun. Jalo ya ɗaga kai zai maimaita, ya kasa, ya ce kawai, "Malam, ka dai ji."

Malam Inuwa ya miƙa hannu. Aka wurga masa curi, ya cafe, ya shafe bango da shi. Ya sake miƙawa. Ko tari bai yi ba.

Abdulwahab ya leƙa waya. Uku ta gota. Ya naɗe hannun riga ya shiga cikin kwaɓin, ya kama curawa yana miƙa wa Jalo, ko Allah zai sa aiki ya ƙare bakin Malam ya buɗe. Aiki bai ƙare ba. Iska ta taso, ta kwashi ledoji ta yi sama da su, mata suna ta ƙwala wa yara kira su kwashe shanya. Uku da rabi ta yi, ta wuce. Shirun nan ya fi masa zagi ciwo, don da zagi ne da ya san inda ya tsaya.

"Jalo," in ji Malam daga sama, "ruga gida ka ɗauko tamfol, kada ruwa ya wanke mana wahala."

Jalo ya dubi Abdulwahab da tausayi, ya kwasa a guje. Da tafiyarsa bakin maganar ya tafi.

Abdulwahab ya goge hannu a wando. Shi a ganinsa ya sami amsa. Ya buɗe shafin rajista, ya danna kwas ɗin safiyo, ya danna na kankare, hawaye na hana shi ganin rubutun. Saura ya tura. Ya juya ya fuskanci bango, tunda babu wanda zai aika, ya ce, "A gaya wa Baba na bar maganar. Zan zauna a gini. Ya yafe mini."

Tsani ya yi ƙara. Malam Inuwa ya sauko, ya waiga dama, ya waiga hagu. Lungun babu kowa, kowa ya gudu daga hadari. Shi fa bai ƙi ba. Yana jiran ya haɗu da Hajara ne ya ce a bar yaro ya bi ra'ayinsa, don a tarbiyyarsa uba ba ya rawar jiki a kan ɗan fari a gaban mutane. Bai taɓa kawowa agogon boko ba ya jiran Hajara ba.

Ya sake waigawa ko Jalo na tafe. Sannan ya ce, da wata murya da ba tasa ba:

"Abdulwahab."

Wayar ta kusa suɓucewa. Tun da aka haife shi bai taɓa jin sunan nan a bakin nan ba.

"Ni da aka ɗora ni kan bango, ba wanda ya tambaye ni. Na so shi daga baya. Kai ka zo ka tambaya." Idon Malam na kan ƙasa, kamar shi ne ɗan. "Ɗauki na lantarkin. Allah ya yi albarka. Yi maza."

Abdulwahab ya cire na ginin biyu, ya sa na lantarkin biyu, ya tura. Shafin ya tsaya yana juyawa, yana juyawa, ɗigon farko ya faɗo a kan gilashin wayar. Huɗu saura kaɗan ya nuna an karɓa.

Da ya ɗago, Malam ya riga ya koma sama. Ya miƙo hannu ƙasa yadda ya saba, ba tare da ya duba ba. Abdulwahab ya sunkuya ya cura ƙasa ya wurga, Malam ya cafe. A lokacin ne ya ga bayan hannun ya yi tamoji, ya kuma tuna babu wani ɗa namiji a gidan sai shi.

Jalo ya dawo da tamfol a ka, yana haki.

"Jalo," in ji Malam Inuwa, fuskarsa na bango, "ce wa wancan ya tafi gida. Ya ɓata rigarsa."