Tsuntsun da Baba Ke Jira

Ruwa na uku ya sauka, ƙasa ta jiƙe har tana manne wa takalmi, amma makullin ɗakin iri yana nan a aljihun Baba. Yayana ya tsaya a kansa yana share gumi, mai tarakta kuma yana waje yana ta danna hon.

"Baba, kowa fa ya shuka. Mu kaɗai muka rage."

"Ka ji ya yi kuka?"

"Wa?"

"Ka san wanda nake nufi."

Ragon maza yake nufi, tsuntsun nan mai jan fiffike da ke ɓuya cikin duhuwar gefen gona, wanda kukansa ke fita kamar ana tsiyaye ruwa daga gora. Shekara hamsin Baba bai taɓa sa iri a ƙasa ba sai ya ji shi. A wurinsa ruwan farko maƙaryaci ne, tsuntsun ne ya san na gaskiya. Yanzu idon Baba ya tafi, saura kunne, kuma ba a yi wa kunnen nan gardama.

Abin da ba wanda ya iya gaya masa shi ne, duhuwar ba ta nan. Da Yaya ya karɓi gonar, sai ya sare shinge da itatuwa don tarakta ta sami wurin juyawa, ya bi sauran da maganin feshi. Ba zan ɗora masa laifin shi kaɗai ba, ni ce mai ɗebo masa ruwan haɗin. Shekarun farko amfani ya ninka, har muka yi wa Baba dariya a bayan ido.

Daga nan balbela ta daina bin garma. Fakara ta ɓace, sai cilakowa, sai ƙananan nan masu tsintar tsutsa da ban ma san sunansu ba. Ragon maza ne ya daure har bara, bana shi ma babu shi. Tsutsa kuwa ta sami sake. Mai sayar da magani ya ce a ƙara, malamin gona ya ce a rage, maƙwabcinmu ya ce a gauraya kala uku. Duk mun gwada. Wallahi har yau ban san wanda ke da gaskiya a cikinsu ba.

* * *

"Mu fasa kwadon kawai," in ji Yaya, bayan mai tarakta ya gaji ya tafi.

"Ka fasa, ya yi fushi da kai har ya koma ga Allah?"

"To mu zauna mu ci me? Kukan tsuntsu?"

Mako guda kacal ya rage mana, in ya wuce, masarar ba za ta nuna ba ruwa zai ɗauke. Ni ce na kawo dabarar, kuma ba na alfahari da ita. Na nemo kukan tsuntsun a waya, da sassafe na laɓe a bayan katanga inda wata 'yar ƙaya ta tsira daga feshi, na ƙure murya.

Baba yana kan tabarma. Na hango shi ta tsagar ƙofa ya ɗaga kai, bakinsa a buɗe, ko ƙoƙon kunun da ke hannunsa bai ajiye ba. Sau uku na kunna, sannan na zagayo ta zaure kamar daga shago nake.

"Auta, kin ji?"

"Na ji, Baba."

Ya laluba aljihu ya miƙa wa Yaya makullin. Yaya ya karɓa bai kalle ni ba. Na ɗauka an gama, sai Baba ya kama bakin zanena.

"Amma akwai abin da ya ɗaure mini kai. Shi wannan tsuntsu ba ya kuka shi kaɗai. In ya fara, matarsa na amsawa daga ɗaya gefen. Yau sau uku yana kira, shiru."

Ya gane ne yake ja mini rai, ko da gaske yake? Na duba fuskarsa, ban karanta komai ba.

"Ƙila ta yi nisa," na ce.

"Ƙila." Ya jinjina kai. "Ki gaya wa yayanki kada feshinsa ya zo bayan katangar nan. In shi kaɗai ya rage, kada mu ne mu ƙarasa shi."

* * *

Mun shuka a ranar. Masarar ta fito kore shar, tsutsa ta biyo ta, Yaya ya sake goya tankin feshi.

Baba kuwa ya sami sabon aiki. Kullum da safe sai ya dogara sanda ya zagaya bayan katanga, ya zuba ruwa a wani tsohon kasko, ya watsa ɗan tsaki a gindin ƙayar, ya zauna yana sauraro. Jiya ya tambaye ni ko tsakin yana raguwa.

Na ce yana raguwa. Ɓeraye ne ke cinyewa.