Tambari a Bayan Murfi

Elwood Gehris ya kifa murfin tagullar a kan uwar maƙera, ya leƙa ƙofa ya ga babu kowa, sannan ya saita ɗan hatiminsa ya sakar masa guduma sau ɗaya. Haruffa biyu suka fito, E da G, kowanne bai kai ƙwayar shinkafa ba. A lungu ya buga su, gindin sifirin da ke ɗaga murfin, inda inuwa take rufewa.

"Na ji," in ji matarsa Verna daga bayansa, riƙe da kofin kofi.

"Kin ji me?"

"Na ji an karya alkawari. Shekara arba'in da ɗaya ina jin gudumar nan, malam. Na san ƙararta in tana aiki, na san ƙararta in tana satar hanya."

Elwood ya karɓi kofin. Shi a ganinsa bai yi wa kowa alkawari ba, cewa kawai ya yi zai duba.

Mako uku ke nan da wata mata, Marlys Dreibelbis, ta shigo masa da doguwar bindiga adaka naɗe cikin bargo, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Ɗan akwatin da ke jikin ƙotarta, inda ake ajiye ƙyallen naɗe harsashi, ba shi da murfi, saitin gaba kuma, ɗan ƙarfen da ake auna hari da shi, ya karye. Ta ce ta mahaifinta ce, shi ya ƙera ta da hannunsa, yanzu tsufa ya ruɗa shi. Kullum sai ya shafa ƙotar ya ji rami, ya hau faɗa wai ita ta sace murfin ta sayar. Ta kawo tsohon zanen murfin da furensa a takarda, ta kawo tsohon kwabon azurfa a yanka saiti da shi. Sannan ta faɗi maganar da ta tsaya wa Elwood a rai: a dusashe tagullar ta yi kamar ta shekara sittin, kuma kada a sa tambari ko ɗaya.

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Shekara ashirin da biyu da suka wuce wani dillali ya zo wa Elwood da labari mai daɗi irin wannan, shi wai bindigar kakansa ce. Ya yi masa murfi babu tambari, bayan wata shida aka yi gwanjon bindigar a matsayin ta zamanin kakanni. Da asiri ya tonu dillalin ya ɓace, Elwood aka shafa wa kashin kaji. Shekara huɗu bai iya zuwa taron maƙeran bindiga na garin Kempton ba saboda kunya, kuma har yau in ya tuna yadda aka riƙa kau da kai daga teburinsa sai ya ji ransa ya ɓaci. Tun daga lokacin ya rantse ko ƙusa ba za ta bar shagonsa babu sunansa ba.

"Kowa da ubansa marar lafiya," ya ce yana ɗaura murfin. "Dillalai sun fi asibiti yawan marasa lafiya. Ki duba bututun bindigar nan, babu suna. Wane maƙeri ne zai ɓata shekara a kan bindiga ya ƙi sa sunansa? Kuma wa ya gaya mata da kwabon azurfa ake yanka saiti? Da walakin, goro a miya."

"Ubanta ya gaya mata mana."

"In akwai shi."

"Zato zunubi, Elwood."

"To bari in je in ga zunubin da idona. Na ce mata ni zan kai mata har gida. Da kin ji yadda ta yi shiru a waya, da kin san biri ya yi kama da mutum."

Aikin dai ya yi kyau, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Kwana tara murfin ya yi a cikin gwangwani yana shan tururin ruwan tsami da gishiri, har ya yi duhu daidai da sauran tagullar. Saitin kuwa ya gogare shi siriri, ya shafe kaifinsa kamar wanda ya sha gogar bargo shekara da shekaru. Wannan kyau shi ne ma abin da ya fi ba shi tsoro.

Tafiyar awa ɗaya da rabi ce a tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya, tsakanin gonakin masara da aka riga aka girbe. Duk hanya yana shirya abin da zai faɗa in ya tarar da shagon kayan tarihi, ko in ta ce Baba yana barci. Da ya isa ya ga ƙaramin gida fari da kabewa jere a matakala, sai ya ce a ransa ai su ma dillalan suna da gidaje.

Marlys ta tare shi a bakin ƙofa, idanunta duk sun faɗa.

"Mista Gehris, don Allah kada ka ce kai ka yi. Na gaya masa na tsinci murfin a ɗakin ajiya, kai ɗaurawa kawai ka yi. Ba ka dai sa komai ba ko?"

"Ki duba da kanki."

Ta buɗe murfin ta leƙa, ba ta ga komai ba, ta sauke ajiyar zuciya. Elwood ya kau da kai yana kallon kabewa.

Akwai uban kuwa. Titus Hottenstein yana zaune a kujera gefen taga, dogo, ƙasusuwa duk a waje, bargo a gwiwa. Ya yi wa Elwood kallon sama da ƙasa, irin kallon da Elwood ya yi wa Marlys mako uku da suka wuce.

"Wane ne wannan? Me ya zo ɗauka?"

"Kawowa ya yi, Baba. Ga bindigarka."

Tsohon ya karɓa, hannayen da suke rawa suka tsaya cak. Ya ɗaga ta a kafaɗa, ya rufe ido ɗaya ya saita wani kututture a bayan gida, ya daɗe a haka. Sannan ya kwantar da ita a cinya ya danna maɓalli, murfin ya ɗaga da ɗan sautinsa. Ko leƙawa bai yi ba. Babban yatsansa ya zura kai tsaye zuwa gindin sifirin, ya tsaya a nan.

Sai a lokacin Elwood ya gane wautarsa. Ya ɓoye tambarin ne a inda malaminsa ya koya masa, inda duk maƙerin yankin nan yake ɓoye nasa tun zamanin kakanni. Dillali ne kaɗai ba zai gani ba.

"Marlys," in ji tsohon, "baƙo ya zo kin bar shi da baki busasshe? Je ki ɗora kofi. Ki yanko wainar tuffar nan."

Sai da suka ji ta buɗe famfo a kicin sannan tsohon ya yi magana, ƙasa-ƙasa.

"Kai yaro, magagarinka yana cin hagu. Amma ba laifi, hannunka ya faɗa."

Rabon da a kira Elwood yaro har ya manta. Ya ja kujera ya zauna.

"Baba, ni na ɗauka..." in ji Elwood.

"Ka ɗauka 'yata ɓarauniya ce. Ni ma haka nake ɗauka, wai. Haka suke gaya mini." Ya shafa murfin. "Mu a cocinmu ba ma sa suna a aiki, girman kai ne. Shi ya sa ba ka ga nawa ba. Murfin gaskiya kuwa babu mai tsintarsa a ɗakin ajiya. Furen da ke kansa, uwarta na zana wa. Ranar da za a rufe akwatin gawarta na kwance shi na sa mata a hannu, ban gaya wa kowa ba."

Elwood ya rasa inda zai sa idonsa. Kunya ta kama shi sosai, da tausayi.

"To ka gaya mata mana, Baba, kowa ya huta."

"Jiya ma na yi niyya, kafin ta shigo ɗaki abin ya gudu. In na gaya mata yau ma, me zai hana ni gobe? Yau kaina a buɗe yake, ka zo a sa'a. Gobe zan farka ban san ka ba, ban san zancen akwatin gawa ba. Amma yatsan nan ba ya mantuwa, nan zai nufa. Zai ji haruffan wani ƙato a bindigata, in ce ta sayar da nawa ta kawo mini na jabu." Ya dubi ƙofar kicin. "An ce ran Talata na jefe ta da faranti. 'Yata, wadda take yi mini wanka."

Daga kicin Marlys ta ɗaga murya. "Mista Gehris, da madara ko babu?"

"Babu," in ji Elwood.

Ya dubi murfin. In ya share haruffan nan, wata rana tsohon zai mutu, bindigar ta faɗa hannun jika ko suruki, daga nan sai teburin gwanjo. Wani mai tabarau zai ɗaga ta ya ce wannan gugar ai ta Gehris ce, ashe bai tuba ba. Babu wanda zai tsaya masa shaida, tunda mai shaidar gobe ma ba zai tuna ba. Wani sashe na zuciyarsa har yanzu yana raɗa masa cewa ko wannan ma shiri ne, uba da 'ya sun haɗa baki.

Sai ya hango wani tabo a bango kusa da ƙofar kicin, inda fenti ya ɓare sabo, daidai tsayin kan mutum.

Ya zura hannu a aljihun rigarsa ya zaro ƙaramin sukundireba da siririn magagarin da ba ya rabuwa da su. Ya kwance ƙusoshin, ya zare murfin.

"Wurin zai yi fari," ya ce. "Za a gane sabuwar guga ce."

"Kofi da gishiri da yawu, yaro. Sai na koya maka wannan ma? Kawo in riƙe maka."

Tsohon ya danne murfin a kan hannun kujera da yatsu biyu, ko motsi ba ya yi. Elwood ya ɗora magagari a kan harafin farko.

"Yi sauri," in ji Titus. "Ruwan nan ba ya daɗewa bai tafasa ba."