Gwiwar Ragon Baba Jibirilu

Ranar jajibirin Babbar Sallah ragon Baba Jibirilu ya zame cikin wata kwata a unguwar Nima, ya fito yana ɗingishi. Tsohon bai gani ba, idonsa ya daɗe da yin hazo. Ɗansa Gafaru ne ya gani. Shekara guda tsohon yana kiwon ragon nan da ɓawon rogo da na ayaba, kuma kowa ya san gurgun rago ba ya layya. Baba kuwa, in dai maganar addini ce, ko tsagaggen kunne ba ya yafewa.

Gafaru mai kula da ɓeraye ne a wani ɗakin bincike. Can ya saba ganin ɓera ƙafarsa ta kumbura, ko taɓawa ba ya so, sai likita ya tsira masa allurar ɗan morfin, maganin kashe zafi, daidai kumburin. Ba barci, ba tangaɗi, sai ɓera ya taka abinsa. Ciwon yana nan daram, zafin kawai aka toshe wa baki. Gafaru ya hau trotro, motar haya, zuwa wurin aiki, ya dawo da 'yar kwalbar morfin a aljihu.

Da aka sauko daga idi ya riga kowa shiga gida, ya yi wa ragon allura a gwiwa. Ba a jima ba munafukin ya miƙe, har da neman tunkuyi.

Baba ya lalubi haƙoransa da kunnuwansa, ya ce, "Gafaru, ni ido ya tafi. Ja shi ka duba mini. Lafiyarsa?"

"Lafiya lau, Baba. Yana tafiya fain."

Kunya ta rufe shi. Ya gaya wa kansa ai ba ƙarya ya yi ba, amma zuciyarsa ta ƙi karɓa.

Aka kayar da rago. Gafaru ya danne ƙafafu, gwiwar nan zafi rau a tafinsa, ta yi suntum kamar ƙullin dokunu, tuwon masarar nan. Ya lallashi kansa cewa ai na bana ne kawai, baɗi ya kawo wa tsohon lafiyayye.

Baba ya ɗora wuƙa, sai ya dakata.

"Wannan ba nawa ba ne. Tun yana ƙarami na yi niyya, na marigayiya uwarka ne. Allah ka kai ladan kabarinta."

Gafaru ya buɗe baki. "Baba…"

"Riƙe da kyau, ɗan albarka."

Ya riƙe.