Dish a Kan Rufin Jirgi

Mai jirgin ya ba Kyaftin wa'adi zuwa Asabar: ko fasinja su dawo, ko ya sayar wa 'yan gwangwan da jirgin, kowa ya kama gabansa. Fasinjan kuwa wani sabon jirgi ne ya kwashe su, ana tsallaka ruwa ana kallon ƙwallo. Shekara ashirin da shida Kyaftin na riƙe da sitiyarin nan, a tudu ko keke bai iya ba.

Ya kira ƙanin matarsa mai haɗa dish na talabijin, suka hau rufi da tef da alli.

"Yaya, dish fa ba tuta ba ce," in ji ƙanin. "Wuri ɗaya take kallo a sama. Ta goce da faɗin yatsa, hoto ya tafi."

"Su waɗancan aljanu ke riƙe musu?"

"Tasu mai juya kanta ce. Ka sayar da injin nan, ka haɗa da yayata, ba za ka saye ta ba."

"Ɗaura mini wadda kake da ita, don girman Allah."

Suka ɗaure ta da noti shida, jirgi na tsaye a gaɓa. Hoto ya fito tas, har Kyaftin ya rungume ƙanin. Washegari suka fita gwaji, jirgi na shan kwanar farko allon talabijin ya yi baƙi. Saura kwana biyu wa'adi ya cika.

Bai ci abinci ba ranar. Yana wucewa ta shagon aski ya ga mai aski ya juya mutum da kujera, sai ya tsaya cak. Kafin yamma an yi wa dish walda a kan tsohuwar kujerar aski, an sa mata mariƙi.

Ƙanin ya gwada juyawa, aka yi ta rasa hoto. Ya sauko yana haki.

"Yaya, sai wanda ya san kwana tun kafin a zo ta. Ni sai jirgi ya juya nake sani."

Mutum ɗaya ne ya haddace ruwan nan haka, shi ne Kyaftin kansa.

"To wa zai tuƙa?" in ji Kyaftin.

Mai kula da injin jirgin, tsoho mai hannu duk baƙin mai, ya sunkuyar da kai.

Ran Asabar Kyaftin ya miƙa masa sitiyari bai dube shi ba, ya hau rufi, ya kama ƙarfe mai zafi da hannu biyu. Benci ya cika. Mai jirgin na gaɓa yana murmushi, ya ɗaga masa hannu alamar a ci gaba haka.

Suna shiga kwana ta uku, wani ya daki rufi da tsinin lema.

"Baba mai dish! Barci kake? Ana bugun fanareti!"

Ya share gumi da kafaɗa, ya juya hagu.