Wasiƙar Da Na Bari A Kwamfutar Yaya

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan labari. Sau biyu ina ɗaukar biro ina ajiyewa, domin ni ba mai yawan magana ba ce, karatuna kuma a aji shida na firamare ya tsaya. Anti Jannat, matar yayana, ita ta matsa min.

A shekarar 1999 ina zaune wurinsu a Kurmin Sarki, cikin Suleja. Yaya Khamis yana aikin buga takardu a wani ofis a Abuja, sai ya sayo tsohuwar kwamfuta ya ajiye a falo don ƙarasa aiki a gida. Idan yana bugu nakan leƙa daga bakin ƙofa, har na gane inda ake kunnawa.

Wata Litinin ya hau motar Abuja, Anti ta tafi kasuwa, ga wuta an kawo. Na kunna. Da yatsa ɗaya na rubuta wasiƙa zuwa ga Mu'azu, telan bakin layinmu, wanda ko gaisuwa ban taɓa iya yi masa ba. Na zuba duk abin da ke raina, ba don in aika ba. Da na gama na danna abin da Yaya yake dannawa kafin ya kashe. Ashe adanawa na yi. Gogewa kuwa ban iya ba.

Ranar Laraba da la'asar maƙwabcinmu Malam Barnabas, mai koyarwa a sakandare, ya shigo ganin na'urar.

"Oga Khamis, ka yi hankali fa," in ji shi. "Na karanta a jarida, akwai ɓarayi a ƙasar Turawa, suna zaune a ɗakinsu za su shigo kwamfutar mutum su kwashe duk abin da ya rubuta."

"Su zo mana, Ticha, su taya ni bugun takardun ofis," Yaya ya ce yana dariya.

Ni da ke zuba musu ruwa, sai na ajiye kofin na koma gefe. Har na hango Bature yana karanta wasiƙata a rediyo, duk Suleja an kasa kunne.

Washegari da gida ya yi shiru na juya kwamfutar, na ga ƙananan ramuka a bayanta. Na ce lallai ta nan suke shiga. Na toshe kowanne da auduga, na naɗe akwatinta da ke ƙasan tebur da tsumma, na ɗaure tam.

Da Yaya ya dawo, bai duba ƙasan tebur ba ya kunna. Can sai zafi da ƙauri, ta mutu da kanta. Ya durƙusa ya jawo ta.

"Jannat! Wa ya ƙunsa wa kwamfutata lalle?"

Anti ta fito daga kicin, ta gani, ta dafa bango don dariya. Ni kuwa kaina a ƙasa na ce ɓarayin Malam Barnabas nake tarewa.

"Hamdiyya," Yaya ya ce yana zare auduga, "ta wayar tarho suke shigowa. Kwamfutar ofis da ke da layi, ita ake ji wa tsoro. Gidan nan akwai tarho?"

"Babu."

"To duk Baturen da ke son shiga sai ya hau mota ya sauka Kurmin Sarki, ya yi mana sallama."

Da ta huce ya gwada, ta kama. Sai ya sosa ƙeya ya ce shi ya tafi masallaci, alhali ko kiran salla ba a yi ba.

Anti ta ja ni ɗaki. "Ke, ɓarawon naki a cikin gida yake. Tun Litinin ya buɗe aikinsa ya ci karo da 'Zuwa ga Mu'azu'."

Na cusa fuskata cikin mayafi. "Wayyo Anti! Me ya ce?"

"Wai shi bai ga komai ba. Amma jiya ya kai wando biyu gyara, wandunan lafiyarsu ƙalau, ya zauna awa guda yana yi wa bawan Allah tambayoyi. Ya dawo yana cewa telan nan akwai natsuwa."

Da safe kafin ya fita, Yaya ya nuna min wurin gogewa, idonsa na kan silin. Na goge da hannuna. Sannan na buɗe akwati na ɗauko atamfar da Anti ta ba ni, na tafi shagon Mu'azu, na tsaya a ƙofa na yi sallama sau biyu, don ta farkon ƙarar keken ɗinki ta danne ta.