Igiyar da Baffa Ya Sayo

Igiyar sabuwa ce fil, shuɗiya, irin wadda ake ɗaure buhunan shinkafa da ita a bayan mota. Baffa Umaru ya ajiye ta a gefen tabarmar zaure, ya ci gaba da jan carbi kamar ba shi ya sayo ta ba. Indo ta hango ta lokacin da ta miƙo masa koko daga bayan ƙyaure, kuma ba ta buƙaci a gaya mata wanda aka sayo dominsa ba. Ɗanta ne, Abduljalil, wanda ke kulle a ɗakin waje yana dukan ƙofa.

Abokan karatunsa ne suka kawo shi Gwandu daga jami'ar da ke Kalgo. Sun ce ya daina shiga aji, wanka sai an yi faɗa, abinci sai an tuna masa. Zai toshe kunnuwa ya duƙufa a kan waya yana kiran mutanen da ba a gani, yana ce musu su harba, su gudu, ga wani nan a bayansu. Sun faɗi gaskiyar abin da suka sani, cewa gem, wasan cikin waya, ne ya yi masa yawa. Baffa Umaru, yayan marigayi mahaifinsa, ya yi musu dariyar manya. Tun yaushe wasa ya fara ramar da ƙato haka? Shi dai ya san iska in ya gan ta.

Aka karɓe wayar, aka fara rubutu da hayaƙi. Maimakon sauƙi sai abin ya ci tura. Yaron ya shiga rawar jiki da ciwon kai, ya zagi wanda bai taɓa ɗaga wa ido ba, ya yi jifa da kwano. Baffa ya ce ai ga shi nan, mutanen ɓoye sun ji wuta. Da safen nan ya yanke shawara, za a kai shi wani gidan mari a can cikin daji, kuma mota na hanya.

Indo ta san gidan. Can aka taɓa kai Sule, ƙanin mijinta, yana surutai amma yana gane mutane. Da aka dawo da shi, idon sawunsa ya yi baƙin zobe, kuma har ya bar duniya bai sake haɗa magana biyu ba.

Sai dai Abduljalil ɗan fari ne, kuma Indo 'yar gidan kara ce. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, "wancan" ne ko "yaron nan". Ba ta taɓa yabonsa a gaban mutane ba, ba ta taɓa shigar masa faɗa ba. Da ya ci jarrabawar shiga jami'a mata suka cika gida da guɗa, ita kuwa ta shige madafa tana hura wutar da ba ta mutu ba. Mutane suna yaba mata wannan kunya, ita ma tana jin daɗin yabon. Abin da ba su sani ba shi ne, uwar da aka hana ta kallon ɗanta ido da ido takan ƙware a kallon gefen ido, har ta fi kowa gani.

Ta tagar ɗakin ta ga abin da ya tsaya mata a rai. Ko yana kwance, manyan yatsunsa biyu ba sa hutawa, suna ta shafa iska. In aka kawo wuta, fanka ta motsa, sai ya zabura ya dubi soket. Wace irin iska ce ke jiran a kawo wuta? Ta tuna mahaifinsa da la'asar ɗin azumi, lokacin da rashin goro ke hawa kansa: hannu na laluben aljihu, ido ja, faɗa da kowa har kaji. Da an sha ruwa ya ɓantari goro, sai ya dawo mutumin kirki.

Ta ji ƙarar mota a ƙofar gida. Ta miƙe ta nufi bakin zaure, inda maza suka fara taruwa.

"Yaya, ina da magana."

Baffa ya ɗago da mamaki. "Mi kika so, Indo? Koma ciki, wanga aikin maza na."

"Abduljalil ba mahaukaci na ba."

Mazan suka dubi juna. Ba maganar ce ta daskarar da su ba, sunan ne. Wani dattijo ya sunkuyar da kai don kunyar da ita ta kasa ji. Ita kanta sunan ya yi mata baƙo a baki, kamar abincin wani gari.

"A ba shi wayatai," ta ce. "In bai natsu ba, ni da kaina zan riƙe muku igiya."

Baffa ya so ya ƙi, amma matar da ta iya faɗin sunan ɗan farinta a gaban surukai ba a san inda za ta tsaya ba. Ya zaro wayar daga aljihu, aka jona ta, aka buɗe ɗakin. Abduljalil ya fizge ta da hannu biyu. Kafin direba ya gama juya mota, numfashinsa ya daidaita, kafaɗunsa suka sauka, rawar jikin ta tafi. Bai ma san akwai mutane a kansa ba.

"To ai ga ta nan," in ji Baffa, don dattijo ba ya faɗuwa ƙasa warwas. "Iskar cikin waya take."

"In cikin waya take, Yaya, ba ƙahwatai za a ɗaure ba."

Motar da aka ɗauko don daji ita ta kai su Kalgo, asibitin makarantarsu. Likitar da suka samu, wata mai suna Nafisa, ba ta karɓe wayar ba. Ta dai roƙe shi ya kife ta a kan tebur, sannan ta yi masa tambayoyi a hankali. Ya taɓa ƙoƙarin bari ya kasa? Yana ɓoye wa mutane yawan lokacin da yake yi? Akwai abin da yake so a da wanda yanzu bai dame shi ba? Ya san karatunsa na lalacewa amma ya ci gaba? Kowace tambaya sai ya gyaɗa kai, har hawaye suka fara ɗiga a gwiwarsa.

"Na sha goge shi," ya ce. "Kafin azahar na sake saukar da shi. Can ciki ana jirana, ana sanin sunana."

Indo ta dubi ƙasa. Maganar ta shige ta fiye da yadda ya yi nufi.

"Inna, ɗanki bai haukace ba," likitar ta ce. "Ciwo ne da muka sani, ɗan'uwan shaye-shaye ne, sai dai ba a haɗiyar komai. Yana jin magani, amma ba da ƙarfi ba, kuma ba rana ɗaya ba."

Ta tsara musu yadda za a yi: a rage a hankali da yardarsa, waya ta daina kwana a ɗakinsa, ya samu barci da aikin hannu da zama cikin mutane, ya riƙa zuwa suna tattaunawa, ita kuma za ta nema masa hutun jinya don kada gurbinsa ya salwanta. Indo ta yi hamdala, ta yi ta maimaitawa.

Ƙauyen Ceberu aka kai shi, wajen kakarsa Fatsuma, gidan da aka kai shi yaye yana jariri. Tsohuwar ta dube shi sama da ƙasa, ta ce ashe yayen farko bai kama ba, ta miƙa masa fartanya. Ba za a ce abin ya tafi sumul ba. Ya yi fushi, ya yi kwanan zaune, an taɓa kama shi a kan tudu da wayar wani yana neman sabis, aka koma baya kamar ba a fara ba. Amma ranar zuwa Kalgo ba ta taɓa wuce shi ba, kuma kafin a girbe gero wuyansa ya ciko. Baffa Umaru yana gaya wa kowa a masallaci cewa rubutunsa ne ya yi aiki daga baya. Indo ta bar masa.

Ranar da zai koma makaranta ya biyo ta Gwandu. Ya sami Indo a tsakar gida tana kwashe masa kayan da ta wanke. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya nuna mata ƙaramar wayar da ya koma riƙewa, mai maɓallai, wadda ba ta iya komai sai kira.

"Inna, wai ranar nan kin kira sunana a zaure? Ni ban ji ba."

Ta juya masa baya, kunyar ta dawo mata sabuwa. "Wa ya hwaɗa maka? Tashi ka kama min, rana na yi."

Ya tashi yana murmushi. Tare suka sauke rigunansa daga kan shuɗiyar igiyar, wadda ta ɗaure tun daga turken rumfa har bishiyar darbejiya. Rana ta fara cin launinta, amma ba ta taɓa samun igiyar shanya mai ƙarfinta ba.